Fadamar da ta zama wurin shan iska a birnin Liyon

Duk ma'aikacin da aiki ko karatu ya kai shi birnin Liyon na ƙasar Faransa, da wuya ya komo gida bai ba da labarin lambun Tête d'Or ba. Ma'anar sunan ita ce "kan zinariya", saboda wata almara da ke cewa an binne dukiya a wurin. Har yau dai babu wanda ya tono ta.

Asalin wurin fadama ce da kogin Ron ke malalewa cikinta duk sa'ad da ya cika. A shekarar 1856, wadda ambaliya ta yi wa birnin mummunar ɓarna, hukumar gari ta sayi filin. Gwamnan lardin na wancan zamani, Claude-Marius Vaïsse, ya ɗanka aikin ga wa da ƙane, Denis da Eugène Bühler. Aka tsare kogin da datsiya, aka haƙa tabki mai kimanin hekta 16, aka dasa itatuwa. A 1857 aka buɗe wa jama'a ƙofa, alhali aikin bai ƙare ba.

Abin lura shi ne, filin da ya zarce hekta 100 a bakin babban birni, ba a yanka shi an rarraba wa masu hannu da shuni ba. Mu da muka ga yadda ake cike tabkunan garuruwanmu da shara, a fitar da filaye a sayar, damina kuma ta zo ruwa ya rasa mazauni ya faɗa gidajen talakawa, mun san ba ƙaramar jarumta ba ce hukuma ta kau da kai ga irin wannan riba.

Yau akwai kwale-kwalen haya a kan tabkin, da lambun furanni, da filin tseren kekuna da aka gina a 1894. A wani tsibiri kuma an kafa abin tunawa da sojojin birnin da suka mutu a yaƙin duniya na farko. Ta hanyar ƙarƙashin ƙasa ake isa gare shi. A 2006 aka keɓe fili domin raƙuman dawa da sauran dabbobin Afirka.

Shiga kuwa, har da gidan namun dajin, ko dala ba a biya. Albashin masu gadi da masu ban ruwa daga kasafin ma'aikatar magajin gari yake fita.