ZAUREN IYALI: Jami'a kai tsaye ko kwalejin al'umma?

A wannan fitowa za mu leƙa gidajen ƴan uwanmu mazauna Amurka, musamman na birnin Girinsboro a jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar da yawa suka yada zango. Ƴaƴansu sun girma, suna gama sakandare, kuma sau da yawa ana neman shawarar kakanni da baffanni a nan gida: shin yaro ya shiga jami'a kai tsaye, ko ya fara da kwalejin al'umma? Tun 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara ba da biza ga ƴan Nijar da Cadi, don haka maganarmu ta fi shafar yaran da ke zaune can.

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gwamnati mai karatun shekara biyu, wadda ke karɓar kusan duk wanda ya gama sakandare. Ta farkon irinta mai ci har yau an buɗe ta a garin Joliet na jihar Ilinoyi a 1901. A can ana ƙidaya karatu da abin da ake kira kiredit. Digirin farko, wanda ya yi kusa da lisans a wurinmu, yana bukatar kimanin kiredit 120 cikin shekara huɗu. Kwalejin tana ba da 60 na farko, sannan ɗalibi ya ɗauke su ya je jami'a ya ƙarasa. Takardar da zai samu a ƙarshe ta jami'ar ce, daidai da ta wanda ya fara can tun ranar farko.

Bambancin kuɗi ba ƙarami ba ne. A shekarar karatu ta 2024-2025, kwalejoji 58 na Karolina ta Arewa sun karɓi dala 76 a kan kowane kiredit daga mazaunin jihar, wato dala 4,560 a shekara biyu, ban da littattafai da ƙananan kuɗaɗe. A jami'o'in gwamnati biyu na Girinsboro kuwa, kuɗin shekara ɗaya ya haura dala 6,000, ban da masauki da abinci. Giɓin da iyaye suka kasa cikewa, bashi ake ba yaro ya cike shi, bashin nan kuma da ruwa ake biyan sa. Wannan abin dubawa ne ga gidan Musulmi, domin hukuncin riba ba ɓoyayye ba ne. Uban da ke tuƙin tasi ko aikin masana'anta, yana kuma aiko da na hatsi Tawa ko Damagaram, bai kamata ya bari kunya ta tura ɗansa cikin bashin da zai shekara goma yana biya ba.

Muka ce kunya, don ita ce ainihin matsalar. Wasunmu suna jin daɗin a ce a zaure ɗan wane yana jami'a, suna ganin kwaleji wurin waɗanda suka kasa ce. Wannan zato kuskure ne, kuma kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Sai dai kwalejin ma tana da nata rami. Binciken da masana na jami'ar Kolombiya suka fitar a 2024 ya nuna cewa cikin waɗanda suka fara da kwaleji, masu samun digiri a shekara shida ba su kai ɗaya cikin biyar ba, alhali mafi yawansu da niyyar digiri suka shiga. Wani aikin dare ke cinye shi, wani ya ɗauki darussan da jami'a ba ta ƙidayawa, kuɗi da lokaci su tafi a banza. Maganin haka shi ne shiri tun ranar farko. Karolina ta Arewa tana da yarjejeniya tsakanin kwalejojinta da jami'o'inta 16: wanda ya kammala takardar shekara biyu ta share fagen jami'a da makin da aka gindaya, yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga cikinsu, ko da yake ba lalle wadda ya fi so ba. Yaro ya zauna da mai ba da shawara na makaranta, ya rubuta darussansa zango-zango, iyaye kuma su riƙa tambayar takardar sakamako.

Akwai wanda jami'a kai tsaye ta fi dacewa da shi: mai hazaƙar da aka ba tallafin da ya rufe kuɗin karatu. Saboda haka kowane gida ya cika takardar FAFSA, wadda da ita ake samun tallafin Pell, kyautar da ba a mayarwa, mai kaiwa dala 7,395 a waccan shekarar. Idan takardun makarantu suka iso, a ware kyauta daban, bashi daban, a ga abin da ya rage a wuyan iyali. Daga nan a yi shawara da yaron, a yi istihara, a zaɓi hanyar da za ta kai shi ga digiri ba tare da riba ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.