Tamojin Kujerar Mota Ba Aibi Ba Ne

Mutum ne zai sayi sabuwar mota mai kujerun fata, ya kawo ta Wara, hedkwatar Ngaski, bayan 'yan watanni ya ga kujerar direba ta yi tamoji. Sai ya ce an cuce shi, ya ɗauko dutsen guga. To, daga nan ɓarna take farawa.

Fata saƙa ce ta zaruruwan wani sinadari mai suna kolajin. Jima, ko da bagaruwa irin ta majemanmu, ko da kuromiyam na masana'antu, ruɓewa take hanawa, ba ta hana fata miƙewa. Yau da gobe ana zama, zaruruwan su saki, soson ƙasa ya lotsa, sai tamoji ya fito. Dukawa sun daɗe da sanin haka.

Abin tsoro shi ne tsagewa. A bakin tafkin Kainji fata kan sha laima da damina, hunturu ya busar da ita, bazara ta gasa ta. Cikin motar da aka rufe a rana kan wuce digiri 60. Guga mai zafi tana ƙanƙance kolajin, kuma ba ya komawa yadda yake. Man gyaɗa da wasu ke shafawa kuwa ƙura kawai yake tarawa, domin yawancin fatun mota akwai siririn rufin roba a kansu.

Kamata ya yi a ajiye mota a inuwa, a riƙa goge kujera da tsumma mai ɗan danshi. In kuwa ɗinki ne ya saki tun mota tana sabuwa, wannan kam alhakin dillali ne, a mayar masa.