Tarakta ta yi ƙoƙari, amma sikeli muka zaɓa

Duk lokacin da aka tayar da zancen abin da ɗan Adam ya ƙera wanda ya fi kowane amfani, sai ka ji ana lissafa ƙafar mota, lantarki, injin buga littafi, ga kuma wayar salula. Ba mu raina ko ɗaya ba. To amma mu da muke cin abinci a kasuwa, tsakanin Gadarif da Gallabat, namu zaɓin shi ne sikeli.

Mutumin Simsim zai ce tarakta, kuma yana da hujja. Noman inji ya fara a yankin Gadarif ne wajen 1945, can Gadambaliya, sannan a 1968 aka kafa hukumar noman inji, Bankin Duniya ya ba da rance aka share dajin Simsim aka yanka shi manyan gonaki. Baƙar laka da fartanya ba ta iya mata komai, inji ya mayar da ita rumbun dawa da riɗi. Sai dai ku lura, har yau akasarin riɗin da lauje ake yanke shi, domin kwansonsa na bushewa ya tsage, ƙwaya ta zube. Shi ya sa ake neman leburori ido rufe idan kaka ta yi, har daga Habasha.

To an yanke, an kaɗe, an ɗura a buhu. Wa zai faɗi nawa ne a ciki? Nan ne sikeli ke shigowa. Manomi bai san mai saye na Fatsudan ba, balle na Sin ko Turkiyya, amma allura ɗaya ta ishe su yarda da juna. Tsohon abu ne ƙwarai. A kangon birnin Harappa, cikin Pakistan ta yau, an tono duwatsun awo masu nauyi bai ɗaya da suka haura shekara 4,000, kuma a wurin an sami ƙwayar riɗi. Shi kansa rubutu, a ƙasar Iraƙi ta dā wajen shekara 5,000 da suka wuce, da lissafin hatsi da tumaki ya soma, ba da waƙa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne bakin iyaka. Kintarin Sudan ratali 100 ne, wato kusan kilo 45. Da ka tsallaka Matamma, kuntal ɗin Habasha kilo 100 ne cif. Suna kusan ɗaya, nauyi ya fi ninki biyu. Sabon shiga da ya kama farashi a waya bai tambayi wane awo ake nufi ba, jarinsa na iya tafiya a mota ɗaya.

Yanzu, musamman tun ɓarkewar yaƙi a 2023, ciniki ya koma Bankak. Kuɗi na isa cikin ƙiftawar ido, amma waya ba ta auna buhu, ba ta kuma ganin yashin da aka zuba a ƙasansa. Don haka muke kira ga shugabannin kasuwanninmu da su ajiye dutsen awo ɗaya amintacce, a riƙa gwada kowane sikeli da shi kafin kaka, a kuma rubuta nauyi da kilo a kowace takardar ciniki, kusa da kintari ko kuntal.