Rijiyar da Ba a Yashewa

Magabata sun san Salaga da kirarin gari mai rijiya dubu. A nan ayarin fatake daga Kano da Katsina ke sauke kaya, su sayi goron Asante, su shayar da jakunansu. Da ruwan nan kuma, abin takaici, ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, har malamai irin su Alhaji Umaru suka ƙaura zuwa Kete-Krachi. Sai dai rijiya ba ta jiran mayaƙi kafin ta mutu. A daina yashe ta kawai: ƙurar hunturu da laka da ganye za su cike ta, ba tare da kowa ya yi nufin haka ba.

Masana kimiyya suna da suna ga wannan hali na duniya. A 1865 Bajamushe Rudolf Clausius ya kira shi entirofi, wato ma'aunin warwatsuwa, ya nuna cewa a duk abin da aka rufe aka bar shi da kansa, warwatsuwa ba ta raguwa. Ludwig Boltzmann, ɗan Ostiriya, ya bayyana dalili. Zuba farar dawa a ƙasan masaki, ka ɗora jar dawa a sama, ka girgiza, za su gauraye. Ka shekara kana girgizawa, ba za su rabu ba, domin hanyoyin gaurayuwa sun fi na rabuwa yawa, nesa ba kusa ba. Dokar ta shafi zafi da ƙwayoyin zarra ne, mu aron misali muka yi, amma ya dace da ɗakunanmu: makulli yana da mazauni ɗaya, yana da wurin ɓacewa dubu.

Dokar ba ta hana tsari ba, ta sa masa kuɗi ne. Firji na sanyaya ruwa muddin yana shan lantarki; gida na zama tsaf muddin ana zuba masa ƙarfi. Iyayenmu mata sun san haka da tsintsiyar safe da ta yamma, maza kuma da yaɓen katanga kafin damina.

Abin da ke damuna, 'yan'uwa mazauna Zango, shi ne mun iya sharar tsakar gida, mun bar adaka ga gara. A cikinta takardar fili take, da ta haihuwa, da rasit ɗin kasuwa, da littattafan ajamin kakanni, duk a cakuɗe da tsofaffin tufafi. Ga wanda ake yawan tambayar asalinsa, wannan sakaci yana da tsada. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasa, guguwar ta kwashe har waɗanda aka haifa a nan. Yau ma, a Yendi ko Bawku, mai neman Ghana Card sai ya faɗi inda iyayensa suka fito, kuma takarda ta fi rantsuwa ƙarfi a gaban ma'aikaci.

Wani zai ce mai neman na tuwo ina ya ga lokacin jera takardu? Gaskiya ne talauci na cinye lokaci, amma ɓatan takardar fili ya fi cin talaka, don ba shi da kuɗin lauya. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna da abin koyi. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana ɗaukar kwafin rubuce-rubucen Larabci da Hausa. Abin da aka kwafa yana nan ana karantawa. Wayar da ke aljihunka za ta iya wannan aiki.

Saboda haka kowane gida ya ware yini guda bayan Sallah, lokacin da dangi ke tare. A buɗe adaka, a kakkaɓe, a raba takardu gida-gida cikin leda, a ɗauki hotonsu, a tura wa 'yan'uwa biyu a garuruwa daban, a naɗa mutum ɗaya amintacce ya riƙe. Idan dattijo ya tsargu, a tuna masa cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Badi a sake, domin gara ba ta hutun Sallah.