Adabin Duniya ta Tagar Ingilishi

A jami'o'in Nijeriya, ɗalibin da ya shiga sashen Ingilishi ko na wasan kwaikwayo yakan ci karo da wani kwas da ake kira adabin duniya. A cikin zangon karatu guda sai a haɗa shi da Homer na tsohuwar Girka, da Tolstoy na Rasha, da Najib Mahfuz na Masar, da Mariama Bâ ta Sanagal. Idan kwas ɗin ya haɗa da nazarin fim, za a nuna masa aikin Kurosawa na Japan ko na Sembène Ousmane, yana kallo yana bin rubutacciyar fassara a ƙasan allo. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya yi aikinsa da Ingilishi, amma da Ingilishi ɗalibin zai karanta su, da shi zai rubuta jarrabawa, har ya fita jami'a yana ganin ya san su. Wannan tsari yana da amfani, kuma bai kamata a rushe shi ba. Sai dai akwai giɓi a cikinsa wanda ya fi shafar ɗalibi Bahaushe, domin sau da yawa abin da Ingilishi ya zubar a hanya, Hausa tana da mazubin da za ta tare shi.

Da farko dai, wajibi ne a ba fassara haƙƙinta. Shi kansa tunanin adabin duniya a kan fassara aka gina shi. A shekarar 1827 ne mawaƙin Jamus, Goethe, ya yi maganar da ta yayata wannan tunani, a lokacin da yake karanta wani ƙagaggen labari na ƙasar Sin wanda ba da Sinanci ya karanta shi ba. Babu mutumin da zai koyi Girkanci da Rashanci da Japananci da Sifaniyanci a shekara huɗu, saboda haka wanda ya ce sai da harshen asali za a yi karatu, ya rufe ƙofar ne baki ɗaya. Haka kuma akwai fassarar da ta kai matsayin adabi da ƙafarta. Fassarar da Gregory Rabassa ya yi wa shahararren littafin Gabriel García Márquez a 1970, shekara uku bayan fitowarsa da Sifaniyanci, ta burge marubucin har aka ruwaito yana fifita ta a kan nasa rubutun.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka manta cewa akwai mutum a tsakani. Constance Garnett, wata Baturiyar Ingila da ta rasu a 1946, ta fassara littattafan Rasha kimanin 70, kuma ta hannunta ne masu karatu da Ingilishi da dama suka fara sanin Dostoevsky da Chekhov. Aiki ne babba, amma an san ta da sauri, kuma an zarge ta da tsallake abin da ya shige mata duhu. Mawaƙin Rasha Joseph Brodsky ya taɓa kokawa cewa masu karatu da Ingilishi ba sa iya bambanta salon Tolstoy da na Dostoevsky, saboda muryar mace ɗaya suke ji a wurin duka biyun. To, ɗalibin da aka umarta ya yi sharhi a kan salon Dostoevsky alhali fassarar Garnett ce a hannunsa, salon wa yake nazari? Da yawa daga cikin ɗalibai ba su ma san sunan wanda ya fassara littafin da suke riƙe da shi ba, musamman da yake galibi kwafin 'yan shafuka ne suke samu, wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi.

Inda abin ya fi ban takaici shi ne wajen kalmomin zumunta da na girmamawa. Ingilishin yau kalma ɗaya yake da ita ta kiran wanda ake magana da shi, namiji ne ko mace, sarki ne ko bara, ɗaya ne ko taro. Faransanci da Rashanci kuwa suna da kalmar kusanci da kalmar girmamawa, kuma marubutansu suna gina muhimman wurare a kan sauyawa daga wannan zuwa waccan. Ranar da saurayi ya bar kalmar girmamawa ya kira budurwa da ta kusanci, labari ya juya, amma a fassarar Ingilishi babu abin da ya motsa a shafin. Bahaushe ya san wannan sarai, domin ya san bambancin a ce wa dattijo "ku" da a ce masa "kai", ya kuma san irin girgizar da gida zai yi idan suruki ya yi kuskuren hakan. Larabci yana bambanta namiji da mace a wakilin suna kamar yadda Hausa ke da "kai" da "ke". A littattafan Rasha mutum ɗaya yakan amsa suna uku ko huɗu gwargwadon mai kiransa, Alexei a bakin baƙo, Alyosha a bakin 'yan'uwa, abin da kan rikita mai karatu a Landan. Wanda ya tashi a inda Abubakar yake zama Habu ko Garba, inda uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari, bai kamata wannan ya rikita shi ba. Haka nan finafinan Indiya suna bambanta ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa, kamar baffa da kawu, amma rubutun ƙasan allo yakan dunƙule su a kalma guda. Ke nan ɗalibin yana karɓar labarin ne bayan an tace ainihin abin da shi ya fi Bature shirin fahimta.

A fagen fim kuwa, matsin ya fi tsanani, domin fassarar ƙasan allo a ɗaure take da lokaci da fili. Bisa al'ada layi biyu ne, kowane layi haruffa wajen 40, kuma ba ya wuce daƙiƙa shida a kan allo. Dole mai fassara ya datse, kuma abin da ya fara datsewa shi ne gaisuwa da addu'a da karin magana da habaici. Fim ɗin Xala na Sembène, wanda ya fito a 1975, misali ne mai kyau. Labarin wani attajiri ne na Dakar da ya ƙara mata ta uku sai ya rasa mazakuta a daren farko. Akwai wurin da 'yarsa Rama ta same shi a ofis, yana yi mata Faransanci tana mayar masa da Wolof, kuma wannan jayayyar harshe ita ce zuciyar sukar da fim ɗin ke yi wa manyan da suka gaji Turawan mulkin mallaka. Idan an rubuta maganar uban da ta 'yar duka da Ingilishi iri ɗaya, mai kallon da idonsa ke kan rubutu, kunnensa bai saba da harsunan biyu ba, zai iya wucewa bai ga rikicin ba.

Akwai kuma batun wane ne yake zaɓen abin da za a fassara. An daɗe ana kiyasin cewa littattafan da aka fassaro ba su wuce kashi 3 cikin 100 na abin da ake bugawa a Amurka ba. Wannan ɗan ƙaramin kaso, wanda masu ɗab'i na Landan da New York suka zaɓa gwargwadon kasuwarsu, shi ne yake zama "duniya" a manhajar ɗalibin Kano ko Sakkwato. Najib Mahfuz ya shafe shekaru kusan hamsin yana rubutu kafin lambar Nobel ta 1988 ta buɗe masa kasuwar Ingilishi sosai. Abin mamaki shi ne, a ajin da ake karanta shi da Ingilishi ba a rasa ɗaliban da suka yi makarantar Islamiyya shekara da shekaru, waɗanda da ɗan taimako za su iya karanta shafi ɗaya na Mahfuz ko na Ɗayyib Salih na Sudan da Larabcinsa. Sashen Larabci yana nan a harabar, haka ma na Faransanci, amma kowa yana cikin ɗakinsa. Har labarin gida ma ta wannan doguwar hanya yake dawowa. Tarihin Sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa a Nijar, wadda ta yi fito-na-fito da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, Abdoulaye Mamani ya rubuta shi da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Ɗalibin Katsina da ya kalle shi a aji, ta rubutun Ingilishi zai ji labarin maƙwabtansa.

Tarihin adabin Hausa ya riga ya nuna abin da ya dace a yi da irin wannan karatu. Lokacin da Abubakar Imam ya zauna a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito a juzu'i uku daga 1937, ya yi amfani da tarin littattafai na Larabci da Ingilishi da Hukumar Talifi ta tanadar masa. Akwai labaran Alfu Laila wa Laila, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwa Grimm, kuma shi kansa akun da ke ba da labari don ya tsare mai shirin fita, asalinsa daga Indiya yake. Da yawa daga cikin waɗannan ta hanyar fassara suka iso gare shi, amma bai tsaya a nan ba, sai da ya sauke su a fadar sarki Bahaushe, da waziri da fadawa da 'yan kasuwa, har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu. Bayansa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Daren Sha Biyu a 1971 daga wasan Shakespeare, Bala Abdullahi Funtuwa kuma ya fitar da Gandun Dabbobi a 1975 daga littafin George Orwell. Ko a kasuwa ma haka abin yake. Mutanen Kano sun yi shekaru tun wajen 1960 suna cika gidajen silima don kallon finafinan Indiya ba tare da jin harshen ba, kuma a shekarun 2010 matasa suka mayar da ɗora muryar Hausa a kan waɗannan finafinai sana'a. Fassarar tasu sau da yawa sakakkiya ce, cike da ƙarin gishiri, amma ta tabbatar da cewa masu sauraro suna nan. Jami'a ce ta bar musu filin.

Saboda haka gyaran da ake bukata ba mai tsada ba ne. Malamin da ke koyar da adabin duniya ya sa sunan mai fassara kusa da na marubuci a manhaja, kuma ko sau ɗaya a zango ya kawo fassara biyu na sakin layi guda, ya bar ɗalibai su ga yadda suka saɓa. Mafi muhimmanci, a sa kowane ɗalibi ya mayar da shafi ɗaya ko fitowa ɗaya zuwa harshensa, a ba shi maki a kai kamar yadda ake ba shi a kan sharhi. Wasiƙar Ramatoulaye a littafin Mariama Bâ na 1979, wadda ta rubuta tana cikin takaba bayan mijin da ya yi mata kishiya da ƙawar 'yarta ya rasu, ta isa gwaji. Ɗalibar da ta zauna mayar da shafukan farko zuwa Hausa za ta tarar da takaba da kishiya da dangin miji da zaman makoki duk suna jiranta da sunayensu, sannan dole ta yanke shawara ko Ramatoulaye za ta ce wa yayan mijinta da ya zo neman aurenta "ku" ko "kai". Idan ta rasa amsa a fassarar Ingilishi ta 1981, sai ta ɗauki littafin ta nufi sashen Faransanci.