Kujerar Sanatan Neja ta Arewa: Nawa Aka Kashe, Kuma Kuɗin Waye?



Guguwar 2027 ta fara kaɗawa, kuma hirar da ake yi a majalisunmu ba ta wuce wa zai fito, wa zai janye, wa manya suka ɗaga wa hannu. Ni tambayata daban ce. Kujerar sanatan shiyyarmu ta Neja ta Arewa, nawa ake kashewa kafin a hau ta, kuma daga aljihun wa kuɗin ke fitowa? Ina ganin amsar wannan tambaya ita ce za ta gaya mana wanda sanata zai ji maganarsa idan ya isa Abuja.

Shiyyarmu ƙananan hukumomi takwas ce: Agwara, Borgu, Kontagora, Magama, Mariga, Mashegu, Rijau da Wushishi. Daga 1999 zuwa yau mutum huɗu ne suka riƙe kujerar. Marigayi Nuhu Aliyu, tsohon mataimakin sufeto janar na 'yan sanda, ya yi zango uku a PDP har zuwa 2011. Dattawa za su tuna lokacin da ya miƙe a zauren majalisa a 2008 ya ce akwai 'yan damfara a cikin 'yan majalisar tarayya, waɗanda ya san su tun yana ɗan sanda. Majalisa ta yi masa ca, daga baya ya janye maganar ba tare da an ji suna ko ɗaya ba. A 2011 guguwar CPC ta kayar da shi, Ibrahim Musa ya hau. A 2015 Aliyu Sabi Abdullahi na APC ya karɓa, ya yi shekara takwas, ya zama kakakin Majalisar Dattawa sannan mataimakin mai tsawatarwa. Shi ne ya kawo ƙudirin nan na kalaman ƙiyayya a 2019 wanda ya tayar da ƙura saboda hukuncin kisa da ke cikinsa. Da zaɓen 2023 ya matso, tikitin APC ya koma hannun gwamna mai ci, shi kuma Sabi aka ba shi ƙaramin ministan noma.

Wanda ke kan kujerar yanzu, Sanata Abubakar Sani Bello da aka fi sani da Lolo, ba baƙo ba ne a wurin kowa. An haife shi a 1967. Mahaifinsa Kanar Sani Bello ya yi gwamnan soja a Kano daga 1975 zuwa 1978, kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan kasuwar ƙasar nan, kuma shi ne ya jagoranci kamfanin Mainstream da ya karɓi gudanar da tashoshin lantarki na Kainji da Jebba a 2013. Matar sanatan, Dakta Amina, 'yar Janar Abdulsalami Abubakar ce. Ya yi kwamishinan kasuwanci a gwamnatin Mu'azu Babangida Aliyu, sannan ya ci gwamna a 2015 da 2019, duka biyun yana kayar da ɗan ƙaramar hukumarmu Umar Nasko na PDP. A watan Maris na 2022 har riƙon shugabancin APC ta ƙasa ya yi na ɗan lokaci, sa'ad da Mai Mala Buni ba ya nan. A majalisa kuma aka ba shi shugabancin kwamitin harkokin ƙasashen waje.

Wannan siyasar manyan gida ce, irin wadda Arewa ta saba da ita tun zamanin NPC da NPN: a bi shugabanni, a girmama sarauta, kada a yi hayaniya, a sasanta komai a cikin ɗaki. Tana da amfaninta, don mai irin wannan gata ƙofofi na buɗe masa inda wani zai shekara yana ƙwanƙwasawa. Illarta ita ce ba ta son tambaya. Wanda ya tambayi lissafi sai a ce ba shi da tarbiyya.

To bari mu yi lissafin da kanmu.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ce a sashe na 88 ɗan takarar sanata ba zai kashe fiye da naira miliyan 100 ba. A tsohuwar dokar 2010 miliyan 40 ne. Dokar ta 2022 ta kuma yarda mutum ɗaya ya ba ɗan takara gudummawa har ta miliyan 50, alhali kafin ta miliyan 1 ce iyaka. Ku lura da wannan da kyau. Ma'anarsa a zaɓen 2023 attajirai biyu kacal na iya ɗaukar nauyin takarar sanata gaba ɗaya, kuma ba su karya doka ba. Sanatan da mutum biyu suka ɗauki nauyinsa, idan buƙatarsu ta ci karo da ta manomin Salka ko mai kamun kifi a Auna, wa kuke jin zai saurara?

Hukuncin da dokar 2022 ta tanadar wa wanda ya wuce iyaka shi ne abin dariyar: tarar kashi 1 cikin 100 na adadin da aka yarje masa, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. Ga mai neman sanata tarar miliyan 1 ke nan. Mutumin da ya iya zuba ɗaruruwan miliyoyi, miliyan 1 kuɗin man mota ne a wurinsa. Kuma ina roƙon duk mai karatu ya rubuto mana sunan sanata ɗaya da aka taɓa ci wannan tarar.

Kafin ma a je ga kamfe, akwai kuɗin fom. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin sanata naira miliyan 20, PDP kuma miliyan 3 da rabi. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi, ko da bai ci ba bai sha ba, sai ya yi sama da shekara 55 yana tarawa kafin ya sayi fom ɗin APC. Malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, matasanmu da suka yi karatu suka dawo gida, duk an rufe musu ƙofa tun daga nan. Saura mai kuɗin kansa, ko wanda mai kuɗi ya tsaya wa.

Daga fom sai daliget. A zaɓen fid da gwani na 2022, saboda yadda aka rubuta sashe na 84 na dokar, zaɓaɓɓun daliget ne kaɗai suka yi zaɓe, an cire masu riƙe da muƙamai da suka saba shiga kai tsaye. Mutum 'yan ɗaruruwa ne suka yanke wa ƙananan hukumomi takwas hukunci. Idan masu zaɓe suka yi kaɗan farashinsu kan tashi, wannan kowane ɗan kasuwar Salka ya san shi ba sai an koya masa ba. Kuma wanda ke riƙe da gwamnati da jam'iyya a jiha shi ke da ta cewa a kan wanda zai zama daliget tun daga mazaɓa. Shi ya sa da wuya ka ga gwamna ya nemi tikitin sanata a jam'iyyarsa ya rasa, shi ya sa kuma Majalisar Dattawa ta cika da tsofaffin gwamnoni.

Sai ranar zaɓe da makonnin da ke gabanta: motoci, mai, fosta, mawaƙa, atamfa, taliya, wakilan rumfa, masu gadin ƙuri'a, lauyoyin da za su je kotu bayan an gama. Mu ɗauki misali kawai. A ce rumfuna dubu ɗaya ne, kowace an sa wakili biyu, kowanne an ba shi naira 10,000. Miliyan 20 ta tafi a yini ɗaya, a kan abu ɗaya. Duk wanda ya taɓa raka ɗan takara daga Rijau zuwa Babanna ya san miliyan 100 ba za ta zagaya wannan shiyyar ba.

Yanzu ku dubi abin da kujerar ke biya. Hukumar RMAFC mai tsara albashin masu muƙamai ta ce a 2024 sanata na karɓar naira 1,063,860 a wata, albashi da alawus. A shekara huɗu kusan miliyan 51 ke nan, wato rabin abin da dokar 2022 ta yarda ya kashe wajen neman kujerar. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba 100 don ya kwashi 51? Sai ka ji sauran labarin. Shehu Sani ya faɗa a 2018 cewa kowane sanata na karɓar miliyan 13 da rabi a wata na gudanar da ofis. A watan Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila ya gaya wa BBC Hausa cewa abin ya kai miliyan 21. A wata 48 ya haura biliyan 1. Ga kuma ayyukan mazaɓu, waɗanda aka daɗe ana ware musu biliyan 100 duk shekara a kasafin tarayya. Buhari da kansa ya ce a 2019 an kashe tiriliyan 1 a kansu cikin shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba, kuma a shekarar ce ICPC ta fara bin sawunsu. A nan ne ake mayar da uwar kuɗi da riba. Rijiyar burtsatsen da aka rubuta a takarda ba a haƙa ba, ajin da aka yi wa fenti aka ce sabo ne, mu ne muke biyan bashin kamfe da su.

Na san abin da magoya bayan sanatanmu za su ce: shi ai ɗan gidan arziki ne, bai shigo siyasa don ya tara ba, ba ya buƙatar ubangida. Ban zargi Sanata Sani Bello da taɓa kuɗin kowa ba, kuma ba zan yi ba. Amma wannan hujja tasu ita ce ma ta fi ƙarfafa maganata. Wanda da kuɗinsa ya yi takara shi ne ya fi kowa sauƙin buɗe littafi, don ba shi da sunan da zai ɓoye. Sannan idan gidan mutum na da hannu a manyan harkoki irin na lantarki, kuma majalisar da yake zaune a ciki ita ke yi wa waɗannan harkoki doka, to bayyana lissafi kariya ce gare shi kafin ta zama kariya gare mu. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya bayyana kadarorinsa ga duniya a 2007, babu abin da ya ragu daga mutuncinsa. A Amurka, inda kuɗi ya yi wa siyasa katutu fiye da nan, duk wanda ya ba ɗan takarar majalisar tarayya fiye da dala 200 sai an rubuta sunansa, kuma kowa na iya dubawa a intanet. Ba su fi mu tsoron Allah ba, tilasta musu aka yi.

Mu ma muna da namu kason. Da an ce wane ya fito takara, ƙofar gidansa ta zama ofishin biyan buƙata: kuɗin asibiti, kuɗin suna, gudummawar biki, rufin masallaci, kofin ƙwallo. Ƙungiyoyi irin tamu ma kan aika da takardar neman tallafi, a ba shi kujerar babban baƙo don a ji nawa zai sanar. Talauci gaskiya ne, ba na raina wanda ya karɓi mudun shinkafa yana da yara a gida. Amma ƙungiya ba ta da wannan uzuri. Ranar da ta karɓi ambulan, bakinta ya mutu na shekara huɗu.

Kuma shekarun nan ba na yin shiru ba ne. Manoman Mariga, Rijau, Mashegu da Magama sun san abin da 'yan bindiga suka yi wa gonakinsu da kasuwanninsu. A watan Nuwamban 2025 aka shiga makarantar St. Mary's da ke Papiri a Agwara aka kwashe ɗalibai da malamai masu yawa, labarin ya zagaya duniya. Sanata ba shi ke ba sojoji umarni ba, gaskiya ne. Amma shi ke zaune inda ake amincewa da kasafin tsaro, inda ake tantance hafsoshi, inda ake iya kiran minista a titsiye shi. Irin wannan aiki na buƙatar mutumin da ke tsoron masu ƙuri'a fiye da masu ba shi kuɗi.

Abin da nake ba shugabannin ƙungiyarmu shawara ba ya buƙatar izinin kowa. Sashe na 89 na dokar 2022 ya wajabta wa kowace jam'iyya ta kai wa INEC rahoton kuɗin da ta kashe a zaɓe cikin wata shida, da sa hannun mai binciken kuɗi, ta buga shi a jaridun ƙasa aƙalla biyu, ita kuma INEC ta bar jama'a su duba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa wanda ya rubuto. Sakatarenmu ya rubuta wa ofishin INEC na Minna ya nemi rahoton APC da na PDP na zaɓen 2023. Ko an ba mu ko an hana, a sanya amsar a wannan shafi kowa ya karanta. Matasanmu masu waya kuma su buɗe kasafin tarayya su zaƙulo duk aikin da aka rubuta da sunan Magama tun 2023, su je wurin su ɗauko hoto, kamar yadda masu Tracka ke yi a wasu jihohi.

Sannan duk wanda zai zo Salka neman ƙuri'ar sanata, na APC ne, na PDP ne ko na wata jam'iyya, a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, kada a karɓi ko sisinsa da sunan ƙungiya. A gaban dattawa a tambaye shi wa ya saya masa fom, su waye suka ba shi fiye da miliyan 5, kuma ko ya yarda ya riƙa kawo mana lissafin kuɗin ofis da na ayyukan mazaɓa sau ɗaya a shekara. A ɗauki amsarsa a bidiyo a ajiye.