Gori Yana Cinye Mana Yara

Sharhinmu na yau a kan gori ne, gorin da yaranmu ke yi wa junansu, daga Gangara har Gazawa, Agye da Gidan Rumji.

Da an kai amfanin gona rumbu, samarin Gangara sai su kama hanyar cin rani: Katsina, Kano, wasu har Libiya da Aljeriya. Wanda ya rage a fada, dandalin shan shayin samari, ya shiga uku. "Kai har yanzu tuwon uwarka kake jira?" Ga hoton sa'ansa ya iso ta WhatsApp, sabuwar shadda, sabon babur. Ba mai turo hoton daren da ya kwana da yunwa a tasha. Yaro ɗan shekara 15 ya shige ɗaki, barci ya ƙaurace masa, ya daina ci, ya daina magana. Mu kuwa mu ce iska ce, mu ce sammu ne. Gori ne, jama'a, gori!

'Yan mata ma ba su tsira ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18. A jihar Maradi, kashi 89. Yarinyar da ta nace wa lakwal, a bakin rijiya ƙawayenta ke kiranta kwantai. Ta koma gida da kuka, ta jefar da littafi, ta ce a aurar da ita ga ko wane ne.

Kuma wanda gori ya ƙona wa zuciya, aboki ne ke fara miƙa masa tramol, wai ya manta. Wa ya kawo ƙwayar ƙauye? Mai tallar magani a tire, ranar kasuwa, tsakar rana, kowa yana kallo! Har yaushe za mu zuba masa ido?

Zamanin Seyni Kountché samariya na da sarkin samari mai tsawatarwa. Fada ma tana da shugaba. To shugabannin fada, ku hana gori a bakin butar shayi. Malamai, ku sa shi cikin huɗuba. Iyaye, ku san da wa ɗanku ke zama. In ya yi shiru kwana da kwanaki, ku zauna da shi, ku kai shi asibiti. Don Allah a daina gori.